Zazzaɓin Cizon Sauro da Ba Ya Jin Magani: Abin da Ya Kamata Mai Juna Biyu da Iyalinta Su Sani

Daga cikin tambayoyin da ake yawan yi wa ma'aikatan ɗakin awon ciki akwai wannan: "Wai me ya sa aka daina ba da kulorokwin? Ai da shi aka raine mu." Gaskiya ne, uwargida. Iyayenmu sun sha kulorokwin shekara da shekaru, duk da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wa wasu, kuma sun warke. Wasu ma za su tuna da ƙwayar Daraprim da masu ciki kan sha duk ranar Lahadi. Yau babu likitan da zai rubuta miki ɗayansu don zazzaɓin cizon sauro.

Maganin bai lalace ba. Ƙwayar cutar ce ta canza har ta daina jin sa. Abin da ya sami kulorokwin kuwa yana iya samun magungunan da muke dogaro da su yanzu, kuma wani ɓangare na hana hakan yana hannunki da na mutanen gidanki.

Mece ce ke kawo zazzaɓin?

Zazzaɓin cizon sauro, wato maleriya, wata ƙaramar halitta ce ke kawo shi wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Macen sauro ce take ɗauko ta daga jinin mai cutar ta zuba wa mai lafiya, galibi da dare. Da ta shiga jiki sai ta zarce hanta, ta yi kamar mako guda tana hayayyafa ba tare da mutum ya ji komai ba. Daga nan ta fantsama cikin jini ta shiga jajayen ƙwayoyin jini. Duk bayan kwana biyu sai ta fasa ƙwayar jinin da ta shiga, 'ya'yanta sama da 10 su fito, kowanne ya nemi wata ya shiga. Wannan ne ke kawo zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, kuma shi ke cinye jini. Kafin mutum ya kwanta, ƙwayoyin cutar da ke jikinsa kan kai biliyoyi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an kamu da cutar sau miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 suka rasu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwar a Najeriya suke, haka kuma kimanin uku cikin kowane goma na waɗanda suka rasu.

Me ya sa mai juna biyu ta fi shiga haɗari?

Babban mutum da ya tashi inda sauro ya yi yawa jikinsa kan sami ɗan ƙarfin jure cutar. Ciki yana rage wannan ƙarfi, musamman cikin fari da na biyu. Bayan haka, ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suna maƙalewa a mabiyiya, wadda ta nan ne abinci da iska suke isa ga ɗan da ke cikinki. Suna iya taruwa a can alhali ke ba ki jin zazzaɓi ko kaɗan, wani lokaci ma a gwada jinin yatsarki ba a ga komai ba.

Abin da kan biyo baya shi ne ƙarancin jini ga uwa, ɓari, haihuwar bakwaini, mutuwar ɗa a ciki, ko a haifi jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba. Irin wannan jariri ya fi saurin kamuwa da cututtuka a watanninsa na farko. Ita kuma uwar da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar jini kaɗan tana iya kayar da ita. Ga kuma wata matsalar: ba kowane magani ake ba mai ciki ba. Saboda haka duk maganin da cutar ta daina ji, mai juna biyu ce ta fi kowa asara.

Yaya ake yi ƙwayar cuta ta daina jin magani?

Sau da yawa za ki ji mace ta ce, "Jikina ya saba da maganin nan, ba ya yi mini aiki." Jikin mutum ba ya sabawa da maganin maleriya. Ƙwayar cutar ce take canzawa.

Cikin biliyoyin ƙwayoyin nan ba duka ne suka zama iri ɗaya ba. Yayin da suke hayayyafa, jefi-jefi akan sami wadda ta fito da ɗan bambanci a halittarta, kuma wannan bambanci ya sa ta fi sauran jure magani. Idan aka sha magani mai kyau, adadin da ya dace, har ƙarshen kwanakinsa, yawanci har ita ma takan mutu. Amma idan aka sha rabi aka bari, ko maganin jabu ne mai ƙarancin sinadari, sai masu rauni su mutu, masu taurin su rage. Kin san irin da ya tsira a rumbu shi ake shukawa baɗi. Waɗanda suka rage su ne za su hayayyafa, sauro ya ɗauke su ya kai wa ɗanki, ko maƙwabciya, ko wata mai cikin a wata unguwa. Sannu a hankali sai su mamaye gari.

Ga misalin kulorokwin. Ƙwayar cutar tana cin sinadarin da ke sa jini ja, kuma cin nasa yana bar mata wani datti mai guba wanda dole ta dunƙule shi ta ajiye gefe. Kulorokwin yana hana ta dunƙule dattin, sai gubar ta kashe ta. Ƙwayar da ta bijire kuwa tana da hanyar fitar da maganin daga inda yake aiki, don haka ko an sha ba ya taruwa har ya yi mata illa.

Magunguna biyu da muka riga muka rasa

An fara ganin cutar tana bijire wa kulorokwin a ƙarshen shekarun 1950, a iyakar Tailan da Kambodiya da kuma Kolombiya. A 1978 aka gano ta a gabashin Afirka, a cikin shekarun 1980 kuma ta bazu a nahiyar har ta iso yammaci. A wannan lokaci mutuwar ƙananan yara ta ƙaru a wurare da dama, domin ana ba su magani ana zaton an yi abin da ya dace alhali cutar tana nan.

Ƙasashe da yawa sun koma ga SP, wanda aka fi sani da Fansidar. Shi ma bai daɗe ba cutar ta fara ƙin jin sa. A 2005 Najeriya ta sauya tsarinta, ta ajiye kulorokwin da Fansidar a matsayin maganin warkar da zazzaɓi, ta ɗauki rukunin magungunan da ake kira ACT.

Ƙasar Malawi ta bar mana darasi. Ta daina amfani da kulorokwin a 1993, kuma wani bincike da aka buga a 2006 ya nuna cewa ƙwayoyin cutar da ke can sun koma jin maganin. Wannan ya tabbatar da cewa yadda mutane ke amfani da magani ne yake ƙarfafa cutar ko ya raunana ta. Amma kada ki ɗauki hakan a matsayin izinin komawa kulorokwin. A ƙasar nan ba ya cikin magungunan da aka amince a warkar da wannan zazzaɓi da su.

Me ya sa ACT magani biyu ne a haɗe?

Ginshiƙin ACT shi ne atimisinin, wanda wata masaniya 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar a farkon shekarun 1970 daga wani tsiro dangin tazargade. An ba ta kyautar Nobel a 2015 saboda wannan aiki. Atimisinin yana kashe ƙwayoyin cutar da sauri ƙwarai, amma ba ya daɗewa a jini, cikin 'yan awoyi ya fita. Don haka aka haɗa shi da abokin aiki wanda yake kwanaki a jini yana ƙarasa waɗanda suka rage. Da wuya ƙwaya ɗaya ta iya jure magani biyu masu aiki daban-daban a lokaci guda. Wanda aka fi bayarwa a nan shi ne wanda za ki ga an rubuta artemether da lumefantrine a kwalinsa, kamar Coartem da makamantansa.

An koyi wannan darasi ne daga wani magani mai suna atobakwon. Da aka gwada shi shi kaɗai a shekarun 1990, kusan mutum ɗaya cikin uku cutar ta dawo masa, kuma ta dawo ba ta jin maganin. Shi ya sa ba a ba da shi don maleriya sai haɗe da wani, da sunan Malarone.

Abin bai tsaya kan ɗan Adam ba, likitocin dabbobi ma suna fama da shi. A kudancin Amurka akwai wata cutar jini da kaska ke sa wa kyanwoyi, wadda ƙwayarta 'yar'uwar ta maleriya ce, tana shiga jajayen ƙwayoyin jini kamar ita. A da, kusan duk kyanwar da ta kamu mutuwa take yi. Wani bincike na 2011 ya nuna cewa da atobakwon haɗe da wani magani, 6 cikin 10 suna rayuwa. Amma a 2020 aka ba da rahoton ƙwayoyin cutar da suka canza halitta bayan an yi wa kyanwa magani, a daidai wurin da atobakwon yake kamawa. Wannan cuta ba ta kama mutum, kada ki tsorata da magen gidanki saboda ita. A nan gida ma makiyaya sun san sammore a shanu, kuma a ƙasashen Afirka da dama an samu wanda ba ya jin allurar Berenil, musamman inda ake yin ta barkatai. Ko a jinin wace halitta ne, hanyar ɗaya ce.

Ina aka kwana yanzu?

A 2008 da 2009 aka fara ba da rahoto daga yammacin Kambodiya cewa atimisinin yana ɗaukar lokaci fiye da da kafin ya share cutar daga jini. A wasu sassan yankin daga baya abokin aikin nasa ma ya gaza. A 2020 aka gano irin wannan canji a Ruwanda, a 2021 a arewacin Yuganda, sannan aka tabbatar da shi a Eritiriya da Tanzaniya. A watan Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari na musamman don tunkarar matsalar a Afirka.

ACT yana aiki a ƙasarmu, kuma shi ne maganin da za ki dogara da shi. Amma kin ga hanyar da bijirewar kulorokwin ta biyo: daga kudu maso gabashin Asiya, zuwa gabashin Afirka, sannan zuwa gare mu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Halayen da ke taimaka wa cutar

1. Daina shan magani da zarar jiki ya yi sauƙi, a ajiye sauran don wani lokaci.
2. Raba kwali ɗaya tsakanin mutum biyu, ko a ɓantari maganin babba a ba yaro da ka.
3. Sayen maganin maleriya duk lokacin da jiki ya yi zafi ba tare da gwajin jini ba.
4. Yin allurar maleriya ta kwana uku a kemis don ƙaramin zazzaɓi, ba tare da an bi ta da cikakken ACT ba. Wannan amfani da atimisinin ne shi kaɗai.
5. Sayen magani a kasuwa, a tasha, ko hannun masu talla, inda ya sha rana. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci.
6. Shan jiƙon tazargade a madadin magani. Babu wanda ya san yawan sinadarin da ke cikin kofi guda, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shi don magani ko rigakafi ba. Mai ciki kuwa ta guji duk wani jiƙo ko saiwa da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Abin da za ki yi, uwargida

Ki fara zuwa awo da wuri. Da kin tabbatar kina da ciki ki zo, kada ki jira sai ya fito. Shawarar da ake bi tun 2016 ita ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu.

Ki karɓi ƙwayoyin rigakafi na SP. Za ki iya cewa, ai yanzu aka ce Fansidar ya gaza. Ya gaza ne wajen warkar da wanda zazzaɓi ya riga ya kama, amma bincike ya nuna har yanzu yana rage ƙarancin jini ga masu ciki, yana kuma ƙara nauyin jarirai. Shi ya sa aka keɓe shi don rigakafi. Ana fara shi daga mako na 13, wato bayan ciki ya cika wata uku. Ƙwaya uku ake sha a lokaci guda a gaban nas, sannan a maimaita a zuwan awo na gaba, muddin an sami tazarar wata guda, har zuwa haihuwa. A da sau biyu ake bayarwa, amma tun 2012 aka ƙara, yanzu ana so ki sha aƙalla sau uku. Ba a shan sa a watanni uku na farko. Ki sanar da nas idan Fansidar ko Septrin ya taɓa fito miki da ƙuraje ko kumburi, ko kina shan Septrin kullum, domin ba a haɗa su. Haka kuma ki nuna mata ƙwayoyin ƙarin jinin da kike sha, saboda folik asid mai ƙarfin miligiram 5 yana rage aikin SP.

Idan jikinki ya yi zafi, ki zo asibiti a ranar. Gwajin jinin yatsa bai wuce minti 15 zuwa 20 ba. Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Ga mai ciki sau da yawa ciwon mafitsara ne ko wata cutar, kuma maganin maleriya ba zai yi musu komai ba. Ki faɗa wa likita watannin cikinki, ko da zato kawai kike yi. A da, kwinin ake ba masu ƙaramin ciki har kwana 7. Tun ƙarshen 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba da haɗin artemether da lumefantrine har a watanni uku na farko. Duk da haka likita ne zai zaɓa miki, ba mai kemis ba.

Ki shanye maganin duka. Haɗin da muka ambata sau 6 ake shan sa cikin kwana 3: na farko nan take, na biyu bayan awa 8, sannan safe da yamma na kwana biyu. Ki sha shi da madara, kunun gyada, ko abinci mai ɗan maiƙo, domin maiƙo ne ke taimaka masa shiga jini. Idan kin yi amai jim kaɗan bayan sha, ki koma ki faɗa, a cike miki wanda ya zube. A rana ta biyu za ki ji sauƙi, amma sauran ƙwayoyin cutar suna nan, kuma su ne masu taurin.

Ki duba kwalin. Ki nemi lambar NAFDAC da ranar da maganin zai lalace. Idan akwai wurin kankarewa, ki kankare ki aika lambar ta wayar hannu kamar yadda aka rubuta a jiki, za a ba ki amsa ko na gaskiya ne.

Idan kin gama kwana ukun zazzaɓin bai sauka ba, ko ya dawo kafin wata guda, ki dawo asibiti da kwalin a hannunki. Kada ki sake sayen wani da kanki. Ta irin wannan dawowar ne likitoci suke gane ko magani ya fara gazawa.

Ki kwana cikin gidan sauro mai magani kowane dare, damina da rani. Idan sabo ne, a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a ɗaura. Ki cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma, ki ɗinke duk inda ya yage. Bayan haihuwa ki shiga da jaririnki. Duk zazzaɓin da aka hana kamawa, an rage shan magani ke nan, an kuma rage wa cutar damar sabawa da shi.

Alamomin da ba a kwana da su a gida

A garzaya asibiti, dare ko rana, idan mai ciki ta sami ɗaya daga cikin waɗannan: jijjiga, suma ko ruɗewa, amai ba tsayawa, numfashi da ƙyar, idanu sun yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, tafin hannu da cikin ido sun ɗashe, zubar jini, ciwon mara kafin lokaci, ko ɗa ya rage motsi. Zazzaɓi mai tsanani ana yin sa ne da allurar atesunet a asibiti na aƙalla awa 24, ko cikin wata nawa ne, sannan a bi da cikakken ACT na kwana uku.

Gare ka maigida, da ku iyaye

Maigida, yawancin abin da aka lissafa a sama sai da hannunka zai yiwu. Ka ba da izinin zuwa awo tun ciki yana ƙarami, ka tanadi kuɗin mota, ka kuma bar izini a gida cewa idan zazzaɓi ya zo ba ka nan a tafi asibiti ba sai an jira ka ba. Kada ka sayo magani a hanya don an yi maka waya an ce jikinta da zafi. Idan kuɗin cikakken kwali ya gagara, ka faɗa wa ma'aikatanmu maimakon ka sayi rabi.

Iyaye da surukai, kunyar cikin fari al'ada ce, amma mai cikin fari ita ce cutar ta fi yi wa illa. Ku raka ta awo da kanku.

Yaran gida ma a kula da nasu. A jihohin arewa, da damina, ma'aikata suna bin gida-gida wata-wata suna ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi. Na ranar farko a gabansu ake sha, na rana ta biyu da ta uku ku ake bar wa, kada ku manta da su. An kuma fara allurar rigakafin maleriya ga ƙananan yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disamban 2024. Ku tambayi ma'aikatan rigakafi ko ta iso yankinku. Allurar ƙari ce a kan gidan sauro da magani, ba ta maye gurbinsu.

Ƙirƙiro sabon magani yana cin shekaru masu yawa da dukiya mai yawa. Wanda ke hannunmu yau shi ne za a ba ɗan da ke cikinki ranar da zazzaɓi ya kama shi, don haka a gwada jini kafin a sha, a sha na gaskiya, a kuma shanye shi duka. Idan akwai abin da bai fito miki sarai ba, ki tambayi nas ko likita a zuwanki awo na gaba.

Allah ya sauke ki lafiya.